Kan Sarki Mai Raƙumi

Bana aka sare tsamiyar da ke bakin kasuwarmu. Tun daga zaure nake jin kukan injin yankan itace, ban fita ba sai da aka gama. Da na je na tarar da kututture da garin itace, yara suna ta jan rassa zuwa gida. An ce rumfar cajin waya za a kafa a wurin. Itace ne ya tsufa kamar yadda na tsufa. Sai dai a jikin tsamiyar nan Baba Buba masinja yake jingina kekensa duk ranar kasuwa, a gindinta kuma nake shimfiɗa buzu in karanta wa mutane wasiƙunsu. Tun da ta faɗi, wani abu da na daɗe ina dannewa yake taso mini, ko ina cin tuwo, ko ina alwala. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko na ji sauƙi. Ban yi karatu mai zurfi ba, elemantare kawai na yi, wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri.

Ƙauyenmu yana ƙasar Roni, a gindin duwatsu. A zamanin En'e ne, lokacin da maganar hakimi take isa ko'ina a bakin ɗan aike. Idan gari ya waye ba abin da za ka ji sai luguden mata, da ƙarar guga tana bugun bakin rijiya, da Fulani suna kiran shanu da sunayensu. Da la'asar birai kan sauko daga dutse su shiga gonar gyaɗa, mu bi su da jifa. Yanzu da asuba babura ne ke tashin mutum, biri kuwa jikokina a waya suka san shi. Ni na gama aji huɗu a Kazaure, ban ci jarrabawar shiga makarantar midil ba, na dawo gida ina noma tare da mahaifina. Da yake na iya boko, na kuma iya ajami daga makarantar allo, sai karatun wasiƙa ya faɗo kaina. Ni mutum ne mai yawan tsoro tun ina yaro. Idan na rufe ƙofar rumbu sai na koma sau biyu na taɓa. Idan na karanta wa mutum wasiƙa sai in sake karantawa, don kada a ce na tsallake gaisuwar wani. Ina faɗin wannan ne don a san ba sakaci ne halina ba. Wannan ne ma yake ƙara ba ni tsoro.

Baba Buba tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama ya dawo da ɗingishi. Shi yake ɗauko jakar wasiƙu daga gidan waya na Kazaure ya kawo ofishin hakimi, na ƙauyuka kuma ya raba ranar kasuwa. Shi ya fara nuna mini cewa ɗan hoton da ake mannawa a jikin ambulan, wanda muke ce wa kan sarki, ba shara ba ne. Wata rana ya ga na yar da ambulan, ya sa sanda ya tsamo shi.

"Malam ƙarami, ka san abin da ka zubar?"

Na ce, "Takarda ce, Baba."

"Takarda! Buɗe idonka, ɗan boko. Wannan daga Gwanja ya zo. Me mutumin nan yake yi?"

Na duba da kyau, sai ga mutum tsaye gaban manyan ganguna biyu da 'yan sanduna masu lanƙwasa. Baba Buba ya zauna, ya kifa kwanon awo, ya buga mini yadda ya ji sojojin Gwanja suna bugawa a bariki. Ya ce gangunan suna magana kamar kalangunmu, sai dai da yarensu. Ranar na koma gida ina jin kiɗan wata ƙasa a kunnena, ni da ban taɓa wuce Kazaure ba.

Daga nan na kamu. Ba na karɓar komai a kan karatun wasiƙa, sai dai in ce a bar mini kan sarkin. Mutane suna dariya, suna cewa boko ya taɓa ni. Baba Buba ya koya mini yadda ake yi: a yanke kusurwar ambulan da reza, a sa a ruwa a tasa, a bari ƙaron ya jiƙa har hoton ya rabu da takarda da kansa, a shanya a inuwa, a danne a tsakanin shafin littafi. A tsohon littafin lissafina na aji uku nake jera su. Akwai na sarkin Ingila da ya mutu, akwai na 'yarsa da ta gaje shi, daga nan na fahimci cewa su mace tana hawa gadon sarauta, na yi kwana uku ina mamaki. Fataken da ke bi ta Babura zuwa ƙasar Faransi sukan kawo mini nasu, masu dorina da kada da jimina da raƙumin dawa. Na kai wa mahaifina na jiminar, ya riƙe da nisa ya daɗe yana kallo. Ya ce da yana yaro ya ga irinta da idonsa a dajin arewa da Babura, ta wuce su da gudu, ƙasa tana tashi a bayanta. Ya ce, "Yanzu sai a takarda." Ban san wata rana ni ma haka zan ce a kan barewa da gada ba.

A ƙarshen ƙauye, wajen rugar da ta zama gidaje, akwai wata tsohuwa Bafillatana, Iya Hajjo. Ƙawar kakata ce, don haka da wasan jika take kirana, "angona". Man shanu take kawowa kasuwa a ɗan ƙoƙo. Ɗanta na fari, Dikko, sa'an mahaifina, ya tafi Makka a ƙasa da matarsa tun ina ƙarami, kamar yadda ake yi a lokacin, ana tafiya ana tsayawa ana ƙwadago. Shekara ta fi goma ba labari. Sauran 'ya'yanta duk sun rasu, shi kaɗai ya rage mata, in yana raye. Amma ba za ka taɓa jin ta yi zancensa ba. Kunyar ɗan fari a wurinsu ba wasa ba ce. Ba ta kama sunansa, ba ta tambayar matafiya, in an ambace shi a gabanta sai ta juya ta shiga gyaran faifai.

Wata ranar kasuwa, ƙarshen damina, na ji ƙararrawar keken Baba Buba ba ƙaƙƙautawa tun daga nesa. Ya sauka yana haki, ya miƙo mini wani ambulan da ya sha hannu.

"Aika a kira tsohuwarka. Daga gabas ne."

Ta zo da ƙoƙonta, ta tsaya nesa kaɗan, ta ba mu gefe.

Na ce, "Iya, wasiƙa ce gare ki."

Ta ce, "Ni wa na sani da zai yi mini wasiƙa? Ko kai ne, angona, ka rasa bakin magana ka koma rubutu?"

Aka yi dariya. Na buɗe a hankali. Da ajami aka rubuta, hannun wani malami ne. Dikko ne. Yana ƙasar Sudan, yana aikin auduga. Ya yi doguwar jinya, matarsa ta rasu, ta bar masa 'yar mace. Ya ce wani mutum ya gaya masa an yi annoba a ƙasarmu, bai san ko mahaifiyarsa tana raye ba. Sai ya ce, kuma wannan na haddace shi kamar karatu: "Idan tana nan, a aiko mini amsa kafin a gama cirar auduga, in juyo gida da yarinyar. Wurin da za a same ni an rubuta a bayan ambulan. Idan ban ji komai ba, na san ta riga mu, zan yi gaba in ƙarasa abin da na fito yi."

Iya Hajjo tana kallon ƙasa, tana juya murfin ƙoƙo. Can ta ce, "To. Mutane suna lafiya ke nan." Na miƙa mata takardar, ta janye hannu kamar wuta. A gaban jama'a ba za ta karɓi abin ɗan fari ta rungume ba. Ta ce, "Ajiye a wurinka, ni me zan yi da ita? In kun ga dama ku ce ana nan." Ta juya. Amma na ga yadda ta bi hanyar gida, ba ta sayar da man ba, kuma sau biyu tana tsayawa ta dafa darni.

Baba Buba ya ce in rubuta amsar, sati mai zuwa ya tafi da ita. Na kai ambulan gida. Sai a ɗaki na kalle shi sosai. A gaba akwai sunan ƙauyenmu da Kazaure da rubutun boko, irin na ma'aikatan gidan waya. Kan sarkin kuwa a baya aka manna shi, a bakin marufin, kamar hatimi. Mutum ne a kan raƙumi yana gudu da jakar wasiƙu, da rubutun Larabci kewaye. Ban taɓa ganin mai kyansa ba. A ƙarƙashinsa, dab da shi, layi uku na ajami: wurin da za a sami Dikko. Na karanta sau ɗaya. Akwai sunan wani mai kanti, akwai sunan unguwa.

A nan tsorona ya cuce ni. Na ɗauko reza, sai na ga in na yanka zan iya taɓa layin farko. Na ce a'a, kada in ɓata rubutun mutane. Na nemi fensirina in kwafa tukuna, ban gan shi ba, ƙanena ya ɗauka. Maimakon in jira, sai na yi dabara. Na zuba ruwa kaɗan a tasa, na jingina ambulan a bakinta yadda gefen kan sarkin kaɗai zai taɓa ruwa, rubutun yana sama a bushe. Na gwada sau uku, na ga ya tsaya daram. Sai hadari ya taso. Mahaifina ya ƙwala mini kira in zo mu kwashe gyaɗar da aka shanya. Na fita da gudu, na bar ƙofa a buɗe.

Ba mu daɗe ba, wallahi ba mu daɗe ba. Da na dawo iska ta tura ambulan, ya kwanta a cikin tasa. Kan sarkin yana yawo a sama shi kaɗai, fes. Ruwan ya yi baƙi-baƙi. Na tsamo takardar. Rubutun bokon da ke gaba yana nan, don tawadar Turawa ce. Layi ukun nan kuwa da tawadar malamai aka yi su, ta gawayi da ƙaro, wadda aka yi ta don a wanke daga allo. Ni da na wanke allo ya fi a ƙirga, ni da na san digo ɗaya yana tafiya da aya guda. Babu ko wasali. Na ɗaga ta ga haske, na karkata, na shanya, na goga toka ko sawun alƙalami zai fito. Ba komai. Na zauna ina ƙoƙarin tuno abin da na karanta. Hasan ne mai kantin ko Husaini? Unguwar da "ha" ta fara ko da "kaf"? Duk yadda na matsa wa kaina sai abin ya ƙara gudu.

Satin nan ban san me na ci ba. Ranar kasuwa na tari Baba Buba a hanya tun kafin ya iso tsamiya, na gaya masa. Na so ya zage ni, ko ya kai mini sanda.

Ya ce, "Ni na koya maka sa takarda a ruwa. Kawo kan sarkin."

Ya ciro wani fasasshen gilashi daga aljihu ya ɗora a kai. Hatimin gidan waya da aka buga a kan raƙumin bai wanku ba, rabinsa ya fito. Muka yi ta haɗa baƙaƙe har muka sami sunan gari: Wad Madani.

Na ce, "Alhamdu lillahi, Baba, an samu!"

Ya girgiza kai. "Malam ƙarami, birni ne. Mutanenmu a can sun fi na kasuwar nan sau nawa, kowa kuma Dikko ne ko Muhammadu. Amma rubuta. Allah ba ya barci."

Na rubuta: Dikko mutumin Roni, mai aikin auduga, Wad Madani. Na ce mahaifiyarka tana raye, tana lafiya, ka juyo. Bayan sati biyu na sake wata, na sa a hannun limamin Hausawan garin, ko wane ne shi. Na sake ta uku. Baba Buba ya ce in gaya wa tsohuwar gaskiya. Na ce to, sai amsa ta zo tukuna, kada in tayar mata da hankali a banza. Da ta zo kasuwa ta tsaya gefena tana gyara ƙoƙo, na ce, "Iya, an aika." Ba ƙarya na yi ba, an aika. Da wannan na riƙa lallashin kaina, kuma ban taɓa yarda da kaina ba ko sau ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta iya tambaya. Da za ta zo ta ce ina labarin ɗana, da wataƙila na fashe na faɗa. Amma sai ta zo duk ranar kasuwa, ta zauna inda take hangen hanyar Kazaure. In ta ji ƙararrawa ba ta ɗaga kai. Sai an gama rabo, mutane sun watse, ta matso.

"Angona, keken Buba ya zo da nauyi yau?"

"Ba nauyi, Iya."

"Ai hanya ce ba kyau. Ungo ɗan mai, ka rame. Ko wata ka hango ka ƙi ni?"

In karɓa in yi dariyar dole. Na ji an ce ta sa an yi wa ɗakin da ke kusa da nata sabuwar jinka, ta ce na ajiyar ƙwarya ne. Ta sayi 'yar tabarma ƙarama. Lokacin cirar auduga ya zo ya wuce. Aka yi damina, aka sake wata. Duk wanda na ji zai yi gabas, ko ya dawo daga can, sai na bi shi har gida, na je Gwiwa a ƙasa saboda wani alhaji da aka ce ya zauna a Sudan. Ya ce ya san Dikko uku, babu na Roni. Littafin kan sarkina na daina buɗewa. In na ga jimina ko gangunan Gwanja sai in ji ƙarar ruwan sama a kan jinka.

Yaran yanzu ba za su gane wannan ba, kuma ina yi musu murna. Mutum yana Makka ana ganin fuskarsa a tafin hannu, in lamba ta ɓace a tambayi wani. A lokacinmu duk abin da ya haɗa uwa da ɗanta zai iya zama layi uku a bayan takarda, a hannun saurayi ɗan shekara goma sha bakwai.

A damina ta uku ƙafa ta hana ta zuwa kasuwa. Ranar da na ga wurin zamanta ba kowa, na san in na ƙara jira zan makara. Bayan la'asar na ɗauki kan sarkin na nufi gidanta. Na same ta a ƙofar ɗaki, ta miƙe ƙafafu, idonta ya yi fari-fari.

"Wa nake ji kamar angona? Yau ka tuna da tsohuwar matarka?"

Na durƙusa. Na faɗa mata duka, tun daga reza har tasa, har wasiƙu ukun da na aika ba tare da sanin inda za su sauka ba. Ban rage komai ba. Ina magana kaji suna tsattsaga kusa da mu, wata yarinya tana daka a maƙwabta, duniya ba abin da ya dame ta.

Ta ce, "Ke nan mutumin yana can yana cewa na mutu."

Na ce, "Haka nake tsoro, Iya."

"Ya yi mini addu'a ke nan. To, ba ta ɓaci ba, tana gaba tana jirana." Ta miƙo hannu. "Mu ga abin da ya ja ka."

Na ɗora mata a tafi. Ba ta iya ganinsa, sai ta shafa da ɗan yatsa, ta bi haƙoran gefensa.

"Ɗan wannan? Da me ake manna shi?"

"Lasa ake yi, Iya. Da yawu."

Hannunta ya tsaya. "Shi ya lasa?"

Na san mai yiwuwa malamin ne, ko ma'aikacin gidan waya. Na kuma san ko shi ne, ruwan tasata ya tafi da shi tuntuni. Na buɗe baki, na ga yadda ta rufe yatsunta a kai. Na ce, "Shi ne." Ita ce ƙarya ta gaske da na yi mata, kuma har yau ban san a wane ma'auni za a sa ta ba. Ta kwance bakin zanenta ta ƙulle shi a ciki, ta ƙara ƙulli na biyu.

Na ce, "Iya, don Allah ki yafe mini."

Ta lalubo kaina ta dafa. Ba ta kira ni ango ba, da sunana na yanka ta kira ni.

"Nawa na yafe, duniya da lahira. Yaro ne kai. Amma ba ni kaɗai aka yi wa ba, ɗan nan. Nasa ba ya hannuna."

Ta rasu bayan an yi girbi. Baba Buba ya bi ta ba da daɗewa ba. Na ci gaba da aika wasiƙa gabas duk shekara har na yi aure, har na aurar, har aka daina kawo jaka ƙauyenmu. Da Allah ya nufe ni da aikin hajji, mutane suna ta addu'o'insu, ni ina bin fuskokin tsofaffin Takari, mutanenmu da suka zaune a can, ina tambayar ko akwai wanda asalinsa Roni ne. Wasu suka yi mini dariya, wasu suka ba ni shayi. Yanzu Dikko ba zai kasance da rai ba, na sani, lissafi ne mai sauƙi. Rabin gafarar na samu a ƙofar ɗakin nan. Ɗaya rabin, na kusa zuwa inda zan roƙa da bakina, kuma kullum ina shirya yadda zan fara.